Yaya zan san gwajin da ya taka kowane layi a cikin kod ɗinmu?

Nafi'u, Yaba

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sana'ar rubuta manhaja. Ina aiki da wani ƙaramin kamfanin hada-hadar kuɗi a nan Yaba. Da harshen Python da Django, tsarin gina manhajar yanar gizo, aka gina manhajarmu, kuma da pytest muke gudanar da gwaje-gwajenta, wato ƙananan kod da suke duba ko tana aiki daidai. Duk lokacin da aka tura sabon kod, sabar da ke gudanar da gwaje-gwajen takan fitar da rahoton coverage.py, wanda yake nuna layukan da aka taka da waɗanda ba a taka ba, sannan ya ba da jimlar kaso cikin ɗari. Wannan rahoto tambaya ɗaya yake amsawa, wato ko wani gwaji ya bi ta kan layin ko bai bi ba. Abin da nake nema daban ne: idan na ɗauki layi ɗaya a cikin fayil ɗin da yake lissafin cajin tura kuɗi, wane gwaji ne takamaimai, a cikin ɗimbin da muke da su, ya taka shi?

Dalilai biyu ne suka sa nake neman wannan ruwa a jallo. An ba ni aikin gyara wancan fayil, wanda ya rubuta shi kuma ya bar kamfanin, don haka kafin in taɓa ko harafi ɗaya ina son in karanta gwaje-gwajen da suke tsaron sa, in fahimci abin da ake sa ran zai yi. Neman sunan fankshan ɗin a cikin fayilolin gwaji bai wadatar ba, domin yawancin gwaje-gwajen ba sa kiransa kai tsaye. Buƙata suke aikawa ta API, wato ƙofar da wasu manhajoji suke magana da tamu ta cikinta, buƙatar kuma ta ratsa matakai da yawa kafin ta iso wurinsa. Dalili na biyu shi ne, gudanar da gwaje-gwajen gaba ɗaya yana cin kusan awa guda, kuɗin sabar kuma da dala ake biya, shi ya sa shugaban sashenmu ya tambaye ni ko za a iya gudanar da waɗanda canji ya shafa kaɗai a bar sauran.

Dabarar da ta zo mini ita ce in gudanar da kowane gwaji shi kaɗai in adana rahotonsa daban, amma tayar da Django da shirya rumbun bayanai a kowane karo zai cinye yini. Akwai hanyar da ta fi wannan? Idan kuma an samu wannan taswira ta gwaji da layi, har ina ya kamata a dogara da ita?

Malam Habibu, Ikeja

Wa alaikumus salam, Malam Nafi'u. Abin da kake nema yana cikin kayan aikin da ke hannunka. A watan Disamba na 2019 Ned Batchelder, mai kula da coverage.py, ya fitar da siga ta 5.0, kuma a cikinta ne aka fara rubuta kowane layin da aka taka tare da laƙabin abin da yake gudana a daidai lokacin. Daga wannan siga fayil ɗin `.coverage` ya zama rumbun bayanai na SQLite, wanda za ka iya buɗewa ka yi masa tambaya kamar kowane rumbu.

Hanya biyu ce ta kunna shi. Za ka iya rubuta `dynamic_context = test_function` a ƙarƙashin `[run]` cikin `.coveragerc`, ko kuma, tunda pytest kuke amfani da shi, ka ba pytest-cov, wanda yake haɗa pytest da coverage.py, umarnin `--cov-context=test`. Ni ta biyun nake ba ka shawara, kuma kada ka haɗa su. Ta farkon sunan fankshan ɗin gwajin take dubawa, saboda haka gwajin da ake maimaitawa da adadin kuɗi daban-daban ta hanyar `parametrize` zai fito da suna ɗaya. Ta biyun tana rubuta cikakken sunan da pytest ya ba gwajin, har da ƙimar da aka saka masa, sannan ta ƙara `|setup`, `|run` ko `|teardown` a ƙarshe, ka san ko a wurin shiri aka taka layin, ko a jikin gwajin, ko a wurin kwashe kaya. A fayil ɗin caji wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai. Bayan an gama, `coverage html --show-contexts` zai ba ka shafukan da ka saba gani, amma a gefen kowane layi za ka iya buɗe jerin gwaje-gwajen da suka taka shi.

Idan manhajar babba ce shafukan za su yi nauyi, don haka gara ka tambayi bayanan kai tsaye. A cikin Python akwai `CoverageData`, wanda bayan ka kira `read()` sai ka kira `contexts_by_lineno` da cikakken adireshin fayil ɗin, ya dawo maka da lambar kowane layi da jerin laƙubbansa. A cikin rumbun kuwa, teburin `line_bits` yana riƙe da sahu ɗaya ga kowane haɗin fayil da gwaji, an cusa lambobin layukan a dunƙule, shi ya sa girman fayil ɗin yake ƙaruwa gwargwadon yawan gwaje-gwaje da yawan fayilolin da kowanne ya ratsa. Idan kuka kunna auna rassa, hanyoyin da sharaɗi kamar `if` yake iya bi, wato `branch = True`, teburin `arc` ne zai ɗauki bayanan, kowane tsalle daga layi zuwa layi da sahunsa, kuma fayil ɗin zai fi haka girma.

Sai dai akwai wuraren da taswirar za ta ruɗe ka idan ba ka san da su ba. Za ka ga layuka da yawa da laƙabinsu babu komai. Waɗannan su ne layukan da Python yake gudanarwa lokacin shigo da fayil, kafin kowane gwaji ya fara: layin `def` da na `class`, filayen samfuran Django, da duk ƙimar da aka ajiye a saman fayil. Haka kuma shirin da ake yi sau ɗaya ga dukkan zaman gwaji, wato `fixture` mai `scope="session"`, gwajin farko da ya buƙace shi ne za a rubuta wa layukansa, ko da ɗaruruwa sun dogara da shi. Duk abin da ake lissafawa sau ɗaya a adana amsarsa, kamar fankshan mai `lru_cache`, haka yake: wanda ya fara kira shi ne zai bayyana, sauran ba za su bayyana ba, kuma idan aka sauya jerin yadda gwaje-gwajen suke gudana taswirar ma za ta sauya. Aikin da aka miƙa wa wani tsari daban, misali ma'aikacin Celery, manhajar da ke gudanar da ayyuka a gefe, bai san gwajin da ake ciki ba, don haka ko an auna shi ba zai zo da sunan gwaji ba. Da pytest-xdist, mai raba gwaje-gwaje ga ma'aikata da yawa, ba a samun wannan matsala, domin kowane ma'aikaci gwaji ɗaya yake yi a lokaci guda, pytest-cov kuma yana haɗa bayanansu a ƙarshe.

Game da sauri, Python 3.12 da ya fito a 2023 ya zo da `sys.monitoring`, wanda ribarsa ga masu auna taku, wato layukan da gwaji ya taka, ita ce a daina sauraron layi da zarar an gan shi sau ɗaya. Taswirar da kake so kuwa tana buƙatar a sake ganin layin a kowane gwaji, saboda haka kada ka sa rai da wannan sauƙi. Ku riƙa gina ta da daddare, lokacin da ba wanda yake jiran sakamako.

Injiniya Rukayya, Victoria Island

Malam Habibu ya gama da batun yadda ake yi, Allah ya saka da alheri. Ni, ƙanena Nafi'u, tambayarka ta ƙarshe zan tsaya a kai, domin a kod ɗin kuɗi ita ce mai haɗari. Taswirar tana gaya maka gwajin da ya wuce ta kan layi, ba ta gaya maka gwajin da ya duba ko layin ya yi daidai ba. Motar haya ta danfo da ta ratsa Oshodi ba lallai ne ta sauke fasinja a can ba, kuma yawancin gwaje-gwajen API haka suke wuce fayil ɗin lissafi.

Ɗauki misalin da duk mai aikin biyan kuɗi a Najeriya ya sani, harajin naira 50 da ake cira idan kuɗin da aka tura ya kai naira 10,000 ko ya haura. A kod sharaɗi ɗaya ne, `if adadi >= 10000`. A ce akwai gwajin da yake tura naira 2,000 da wani mai tura naira 50,000. Su biyun sun taka sharaɗin, sun bi rassansa biyu, rahoto kuma zai ce an taka komai ɗari bisa ɗari. Yanzu wani ya goge alamar daidai, sharaɗin ya koma `> 10000`. Duka gwaje-gwajen biyu za su ci gaba da wucewa lafiya, alhali duk wanda ya tura naira 10,000 cif, wanda kuma adadi ne da mutane suke turawa kullum, an yi masa lissafi ba daidai ba. Idan ma gwajin API ne da ba abin da yake dubawa sai amsar 200, lambar da ke nuna buƙata ta yi nasara, to ko harajin ya koma naira 500 ba zai motsa ba. Don haka idan ka ga layi ɗauke da dogon jerin sunaye kada hankalinka ya kwanta. Ka buɗe su ka nemi wanda yake da `assert`, wato layin da ke tabbatar da sakamako, a kan adadin cajin kansa. A 2014 Laura Inozemtseva da Reid Holmes sun gabatar da bincike a ICSE, taron masana injiniyancin manhaja, a kan manyan manhajojin Java, inda suka nuna cewa idan aka cire tasirin yawan gwaje-gwaje, alaƙar kason taku da iya kama kuskure ba mai ƙarfi ba ce.

Hanyar da take amsa tambayar kai tsaye ita ce ɓata kod da gangan a ga ko gwaji zai kama. Tsohuwar dabara ce, DeMillo da Lipton da Sayward sun rubuta a kanta tun 1978, amma ta daɗe ba a rungume ta ba saboda tsadar sake gudanar da dukkan gwaje-gwaje ga kowane ɗan canji. Taswirar gwaji da layi tana cikin abubuwan da suka rage wannan tsada. PIT, kayan aikin ɓata kod da muke amfani da shi a Java, yakan fara auna layukan da kowane gwaji ya taka, sannan idan ya ɓata wani layi sai ya gudanar da waɗanda suka taka shi kaɗai. Stryker yana yin haka a JavaScript da `coverageAnalysis: "perTest"`, Infection ma a PHP, ku kuma a Python kuna da mutmut. A ganina wannan ne amfanin taswirar da ya fi kowanne tsafta, domin gwajin da bai taka layi ba ba zai lura da ɓarnar da aka yi masa ba, saboda haka barinsa ba ya jawo asara, in ban da wuraren da Malam Habibu ya ce taswirar tana ruɗi. Ba sai ka yi wa manhajar duka ba, ka fara da fayil ɗin caji kawai. Ko da hannu ma za ka iya: ka sauya alama ɗaya, ka gudanar da jerin da taswirar ta ba ka, ka ga wanda ya faɗi. Wanda ya faɗi shi ne mai tsaron layin na gaskiya.

Akwai abin da masu PHPUnit, kayan gwajin PHP, suke yi da yake burge ni. Mai rubuta gwaji yana iya bayyana ajin da ya nufa, da `@covers` a da, ko `#[CoversClass]` a sababbin sigogi, kuma layukan da gwajin ya ratsa a wajen wannan aji ba a lissafa masa su. Za ka iya kwaikwayon wannan da `coverage report --contexts=` ka saka sunan fayil ɗin gwajin caji, ka ga abin da gwaje-gwajen da aka rubuta musamman dominsa suka taka ba tare da tallafin na API ba. Mu a Java abin ya fi wuya, domin JaCoCo, mai auna taku a Java, yana tara alamominsa ne a dunƙule, sai mutum ya riƙa kwashe bayanan yana share su bayan kowane gwaji, ko ya koma OpenClover ko IntelliJ IDEA, waɗanda suke iya bin kowane gwaji daban.

Nafi'u, Yaba

Na gode Malam Habibu, na gode Anti Rukayya. Na kunna `--cov-context=test`, kuma abin ya fito kamar yadda kuka bayyana. Galibin sunayen da ke kan layukan caji na gwaje-gwajen API ne, da na buɗe su kuma na tarar kaɗan ne suke duba adadin cajin, don haka zan fara rubuta gwaje-gwajen kan iyaka, na daidai adadin da na ƙasa da shi da naira ɗaya, kafin in taɓa fayil ɗin. Na kuma lura cewa adadin cajin, da aka ajiye a saman fayil, laƙabinsa babu komai. Abin da ya rage shi ne buƙatar shugaban sashenmu. Idan na ɗauki layukan da `git diff`, umarnin da ke kwatanta sabon kod da tsoho, ya nuna sun canja, na nemo gwaje-gwajensu a taswirar daren jiya, na gudanar da su kaɗai, me zai iya kuɓuce mini?

Bashir, Agege

Malam Nafi'u, amsar tana cikin abin da ka lura da shi yanzu. Idan wani ya sauya adadin cajin da ke saman fayil daga 50 zuwa 100, `git diff` zai nuna layi ɗaya, taswira za ta ce babu gwajin da ya taka shi, tsarinka kuma zai gudanar da gwaji sifili ya ce komai lafiya. Canjin da ya fi kowanne taɓa aljihun mutane shi ne zai wuce ba tare da an duba ba. Doka ta farko ke nan: duk canjin da ya faɗa kan layi marar laƙabi, a gudanar da komai.

Na biyu, taswirar ta kod ɗin jiya ce. Lambobin layi suna gocewa da zarar an ƙara ko an cire wani abu a sama, saboda haka dole ka adana ta tare da lambar `commit`, wato sigar kod ɗin da aka gina ta a kansa, ka kwatanta canjin da wannan `commit`, kuma ka yi amfani da lambobin ɓangaren tsohon fayil. Sabon layi kuwa ba shi da tarihi ko kaɗan, sai dai ka ɗauko gwaje-gwajen da suka shiga fankshan ɗin da aka saka shi a ciki. Wannan ne ya sa pytest-testmon, mai zaɓar gwaje-gwajen da canji ya shafa, yake ajiye sa hannun kowane ɓangaren kod yana kwatanta shi da na baya, ba ya dogara da lambar layi tsura. Kafin ka rubuta naka, ka gwada shi. Sannan akwai duk abin da ba Python ba ne: fayilolin HTML na Django, teburin caji idan a YAML ko a rumbun bayanai yake, ƙimomin muhalli, da `requirements.txt`, jerin kayan da manhajar ta dogara da su, wanda canjin layi ɗaya a cikinsa zai iya sauya halin manhajar gaba ɗaya. Taswirar ba ta ganin ko ɗaya daga cikinsu.

Masana sun daɗe a kan wannan. Gregg Rothermel da Mary Jean Harrold sun wallafa hanyarsu a 1997, kuma a wurinsu zaɓin gwaji ba ya zama amintacce sai idan bai bar ko gwaji ɗaya da zai iya bayyana kuskuren da canjin ya kawo ba. Wannan ma da sharaɗin cewa gwajin yana bin hanya ɗaya a kowane karo, abin da ba ya tabbata idan yana dogara da agogo ko intanet ko jerin gudana. A 2015 Milos Gligoric da abokan aikinsa suka fito da Ekstazi, wanda yake bin fayilolin da kowane gwaji ya dogara da su maimakon layuka, kuma suka nuna cewa ko da ya zaɓi gwaje-gwaje fiye da kima, sauƙin lissafinsa yana rage jimlar lokaci. Google da taswirar dogaro ta tsarin gini yake zaɓa. Tsarin zaɓin gwaji na Microsoft da ke cikin Azure Pipelines, idan ya ga nau'in fayil ɗin da bai gane ba, komai yake gudanarwa. Ni ma a matakin fayil nake ba ka shawarar ka tsaya: duk gwajin da ya taɓa shiga fayil ɗin da aka canja, a gudanar da shi.

Kafin duk wannan ma, ka duba inda awa gudar take tafiya. `pytest --durations=20` zai nuna maka gwaje-gwaje 20 mafi jan lokaci, `-n auto` na pytest-xdist zai raba aikin, `--reuse-db` na pytest-django kuma zai hana sake gina rumbun bayanai a kwamfutarka kowane karo. Sau da yawa waɗannan sukan rage lokacin sosai ba tare da an bar ko gwaji ɗaya ba. Ka faɗa wa shugabanku cewa zaɓaɓɓun gwaje-gwaje na kwamfutar mai rubutu ne da amsar farko bayan tura kod, amma kafin a haɗe canji da babban reshe, wato ainihin kod ɗin da kowa yake aiki a kai, sai an gudanar da duka.

Malam Habibu, Ikeja

Na yarda da Malam Bashir a kan komai sai abu ɗaya. Idan za a gudanar da duka kafin kowace haɗewa, kuɗin sabar da ake kuka da shi ba zai ragu da yawa ba, tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Ni da zan raba: duk canjin da ya taɓa fayilolin kuɗi, ƙaurar rumbun bayanai, saituna ko `requirements.txt` a gudanar da komai kafin haɗewa, sauran kuma a bar su da zaɓi a matakin fayil, a gudanar da duka da daddare da kuma kafin a saki sabuwar siga. Duk ranar da gwajin dare ya kama abin da zaɓin rana ya bari, a rubuta dalilin, a ƙara wannan nau'in fayil cikin jerin masu tayar da komai.

Injiniya Rukayya, Victoria Island

Rabon Malam Habibu ya yi mini, muddin jerin fayilolin kuɗin yana cikin ma'ajiyar kod inda kowa zai gan shi, kuma ba a cire komai daga cikinsa sai da amincewar mutum na biyu.

Tunda za ku riƙa adana taswirar kowane dare, Nafi'u, akwai ƙarin amfani da za ka samu. Ranar da gwaje-gwaje da yawa suka faɗi lokaci guda, layin da waɗanda suka faɗi suka taka, waɗanda suka wuce kuma ba su cika taka shi ba, shi ne na farkon zargi. A kan wannan James Jones da Mary Jean Harrold da John Stasko suka gina Tarantula a Georgia Tech, suka gabatar da shi a 2002. Ma'aunin Ochiai da aka fi amfani da shi daga baya yana da sauƙin lissafi: ga kowane layi, ka ɗauki yawan gwaje-gwajen da suka faɗi kuma suka taka shi, ka raba da tushen murabba'in abin da za ka samu idan ka ninka jimlar waɗanda suka faɗi da jimlar duk waɗanda suka taka layin. Sakamakon yana tsakanin 0 da 1, kuma sai ka jera layukan daga mafi girma. Abu biyu kawai kake buƙata, fayil ɗin `.coverage` na wannan dare da fayil ɗin sakamakon gwaje-gwaje da `--junitxml` na pytest yake fitarwa, don haka ka sa sabar ta riƙa ajiye su tare a ƙarƙashin lambar `commit` ɗaya. Ka kuma cire `|setup`, `|run` da `|teardown` daga ƙarshen laƙubban, sannan ka daidaita yadda fayilolin biyu suke rubuta sunan gwaji kafin ka haɗa su, domin ba iri ɗaya suke rubuta shi ba.